Bijimaina sun cika, kuɗin Yaya na narkewa: in sayar ko in jira Sallah?

Tambaya:

Malam, assalamu alaikum. Ni matashi ne a wani gari na Jigawa. Da kaka yayata ta kwashi adashinta ta ba ni, muka yi magana a kan in ɗaure shanu, in an sayar mu raba riba. Na sayo bijimai uku a Maigatari, na ce mata wata uku za su yi. Yanzu wata biyar ke nan. Farare biyu sun yi kyau sosai, amma da na kai su kara tayin da aka yi bai yi mini ba, na dawo da su gida. Na ukun, wani bokolo, ci yake yi ba ya ƙiba, sai ƙaton ciki. Don in tura su sai na ninka dusa na haɗa da ɓarzajjiyar masara, ga shi yanzu suna barin abinci a komi, ɗaya ma zawo yake yi. Harawar da na tara ta ƙare, saye nake yi. Wani abokina ya ce akwai allurar da ke kumbura sa, kuma ranar kasuwa in ba su gishiri su sha ruwa da yawa. Babbar Sallah saura kusan wata uku. Yaya ta fara tambaya, ni kuma kullum sai in ce mata komai lafiya. In jira Sallah ko yaya zan yi? Barci ya gagare ni.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Ba zan ja maka rai ba: fararen nan biyu lokacin sayar da su ya yi, har ya ɗan gota. Kada ka jira Sallah da su. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba, don haka bari in nuna maka dalili, ka yi lissafin da kanka.

Sa ba ya ƙiba da gudu ɗaya daga ranar da aka ɗaure shi har ranar da aka kwance shi. Ramammen san da ya fito daga hannun makiyayi, in ya samu abinci da ruwa da inuwa, makonnin farko fanshe yunwar baya yake yi, jiki na karɓa da sauri. A wannan lokacin irin shanunmu kan ƙara daga giram 700 zuwa kilo ɗaya a rana idan abincin ya yi kyau. Abin da yake sakawa tsoka ce, ita kuwa tsoka kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, shi ya sa take da arha wurin ginawa. Da zarar ƙashin ya cika da nama, sai jiki ya koma tara kitse. Kitse ba shi da ruwa sosai, kowane kilo nasa yana cin abinci fiye da kilon tsoka nesa ba kusa ba. Ga shi kuma san ya yi nauyi, kaso mai yawa na abin da yake ci yana tafiya ne wurin riƙe jikin da ya riga ya tara. Saboda haka ne masana kiwo, irin na cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, da tsofaffin masu turka na ƙauyukanmu, duk maganarsu ba ta wuce kwana 90 zuwa 120. Manyan wuraren ƙiba shanu na Amurka, inda ake tara dubbai a wuri ɗaya a jihohi irin su Tekzas da Nebaraska, su ma da sikeli da lissafin abinci suke yanke ranar fitarwa, ba da yadda san ya burge mai shi ba. Kai kana kan kwana 150.

Ga yadda za ka tabbatar ba sai ka yarda da ni ba. Ka ari tef ɗin tela. Da safe, kafin su ci ko su sha, ka zagaya tef ɗin a ƙirjin san, dab da bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, ka ja shi ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse ba. Sannan ka auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Abin da ya fito shi ne nauyin a kilo, ba daidai wa daida ba amma kusa. Misali san da ƙirjinsa ya kai santimita 170, tsawonsa 135, yana wajen kilo 360. A irin wannan girman, ƙarin santimita ɗaya a ƙirji kusan kilo huɗu ne. San da ke kan ganiyar ƙiba zai motsa tef ɗin santimita biyu zuwa uku a mako biyu. In ka sake aunawa bayan mako biyu ka ga tef ɗin yana inda yake, to ya tsaya, abin da kake zuba masa a komi ba ya komawa nama.

Yanzu ka duba abin da jira zai ci. Sa yana cin busasshen abinci wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa a kullum. Mai kilo 360 ke nan kilo tara a rana. Biyu, kilo 18. A kwana 90, kilo 1,620 na dusa da harawa da kowar wake, fiye da tan ɗaya da rabi, kuma duk saye za ka yi, a watannin da harawa ta fi tsada a shekara. Dami ɗaya da ka samu a banza ko a araha da kaka, yanzu ka san nawa ake ce maka. Ka ɗora kuɗin ruwa, ka ɗora zafin bazara da ke rage wa dabba ci, ka ɗora kasadar ciwo ko ɓarawo. Ka tambayi kanka: ƙarin da Sallah za ta kawo a kan tayin da ka ƙi zai biya wannan duka har ya bar saura? Wani lokaci yana biya, ga wanda ya ɗaure san wata uku kafin Sallah da abincinsa a rumbu. Ga wanda shanunsa suka riga suka cika kuma rumbunsa ya ƙare, da wuya. Kasuwar Sallah ma ba ta da alkawari. Kowa ita yake hari, kara kan cika maƙil, kuma wanda ya kai kwanakin ƙarshe bai sayar ba dillalai sun san a matse yake.

Akwai wani abu kuma da masu harin layya kan manta. Ka buɗe bakin fararen nan ka duba haƙoran gaba na ƙasa. Manyan haƙora biyu na farko kan fito ne wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, sauran su biyo baya bibbiyu har baki ya cika da takwas wajen shekara huɗu zuwa biyar. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, san layya sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu. Idan naka manyan haƙora biyu kawai gare su, mai sayen da ya san fiƙihunsa zai wuce su komai kyansu. Mahauci da fataken da ke lodi zuwa Legas kuwa ba ruwansu da wannan, nama suke saye, kuma kowane mako suna kara.

Sai dai ba gobe za ka ja su kasuwa ba, domin ka taɓa musu ciki, dole a gyara tukuna. Abin da ya faru da ka ninka dusa ka ƙara masara rana ɗaya shi ne tumbinsu ya yi tsami. A cikin tumbin sa akwai ƙananan halittu da ke narka masa abinci, masu aikin ciyawa daban, masu aikin hatsi daban. In aka ƙara hatsi a hankali cikin mako biyu zuwa uku, sukan daidaita. In aka juye shi lokaci ɗaya, masu aikin hatsi su yi yawa, tsami ya taru, masu aikin ciyawa su mutu, dabba ta daina ci. Zawon da kake gani, in ka duba da kyau, za ka same shi ruwa-ruwa, da kumfa, da warin tsami, wani lokaci har da ɓarzajjiyar masarar da ba ta narke ba. In abin ya daɗe yakan sauka a kofato, ka ga sa yana taka ƙasa da ƙyar. Tun yau ka cire masarar gaba ɗaya. Dusar ka mayar da ita ƙasa da yadda take kafin ka ninka, ka raba ta sau biyu ko uku a rana. Da safe harawa ko busasshiyar ciyawa ko yankakken kara za su fara ci, sai sun ɗan cika ciki sannan dusa ta biyo. Ka ajiye musu 'yar kanwa su lasa ko ka jiƙa kaɗan a ruwan sha, tana rage tsamin ciki, amma kaɗan, ba a cika hannu. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, a wannan zafin babban sa zai sha lita 40 ko fiye a rana. Alamar da za ka riƙa dubawa ita ce tuƙa. Ka zo da hantsi ko da la'asar lokacin da suke kwance: in suna tuƙa, ciki ya fara dawowa. In kuwa ka ga ɓangaren hagu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko san ya kwanta ya ƙi tashi, wannan ba na jira ba ne, a sa'ar nan za ka nemo likitan dabbobi. Ka kuma sansana buhun dusar da kake saye. Wadda ta yi hunhuna ko ta dunƙule saboda laima, zubar da ita ya fi arha.

In ka bi wannan, cikin kwana goma zuwa mako biyu kashinsu zai ɗaure, gashi ya kwanta, sai ka fita da su. Wudil na ci ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Potiskum ranar Laraba. Ka je kasuwa ɗaya ba tare da shanun ba, ka tsaya ka ga nawa ake sallama irin naka, ba nawa ake tayawa ba. Ka kuma gwada kiran mahautan garinku su gani a turke, domin sayarwa a gida na cire maka kuɗin mota da wahalar da ke zubar wa dabba nauyi a hanya. Da wannan za ka shiga ciniki da farashin da ka san ƙasansa, ba wanda zuciyarka ta yanka tun ranar da ka sayo su ba.

Maganar abokinka kuwa, ina roƙonka ka bar ta inda ka ji ta. Allurar da ake yawan nufi da wannan ita ce dekzametason, magani ne na kumburi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. Ba ta gina nama. Abin da take yi in aka yawaita ta shi ne danne garkuwar jiki, ciwon da ke kwance ya taso, kuma ga dabbar da cikinta ya riga ya ɓaci wannan ƙarin masifa ne. Sannan kowace allura da kowane maganin tsutsa yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda ba a yanka dabba a cikinsu, wasu har sun haura wata guda. Naman nan yara za su ci, masu ciki za su ci, marasa lafiya za su ci. Gishiri da ruwa ranar kasuwa kuma algus ne tsagwaronsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko ta fuskar kasuwa ma ba ya ci. Mahaucin da ya shekara ashirin a kara ba ciki yake kallo ba. Hannu yake kai wa gindin wutsiya, ya matsa kwiɓi, ya shafa haƙarƙari, ya kama tozo ya ji taurinsa. Zai gane, zai rage maka kuɗi, kuma zai gaya wa na kusa da shi. Kai da kake son ka daɗe a wannan sana'a, sunanka a kara ya fi ribar zagaye ɗaya.

Bokolon shi ne ya fi ba ni tunani, domin wata biyar ana ciyar da sa bai karɓa ba, akwai abin da ke cin abincin tare da shi ko yake tare masa hanya. Kafin likita ya zo, ka duba abubuwan da za ka gaya masa. Ka janye fatar idonsa ta ƙasa: in ta yi fari maimakon ja-ja, jini ya ragu. Ka taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinsa, in akwai kumburi mai taushi kamar ruwa ya taru, tsutsar hanta ce ake fara zargi, musamman ga dabbar da ta yi kiwo a fadama irin ta Haɗeja da Nguru, inda katantanwar da ke ɗauke da ita take. A nan mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba: sun yi allurar ibamektin sun ɗauka an gama da tsutsa, alhali ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta, sai an haɗa ta da wani magani ko an ba da wanda aka yi don hantar. Sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa dabba, shi ma na ramar da sa haka, shi kuwa sai an ɗebi jini an duba. In yana tari ko numfashi da ƙyar, ka raba shi da sauran yau ɗin nan, komi daban, bokiti daban, saboda ciwon huhu. Ka duba haƙoransa, wataƙila tsoho aka sayar maka, baki ya cinye.

Amma yadda ka ce sai ƙaton ciki, zuciyata ta fi karkata ga leda. San da ya taso yana yawo a bayan gari yana kiwo a juji yakan haɗiye leda da tsumma da igiya, su dunƙule a tumbi su cike wurin abinci. Irinsa za ka ga ciki ya fito, baya ya rame, kashi kaɗan-kaɗan, in ka danna ɓangaren hagu ka ji abu mai tauri da ba ya komawa. Babu dusa ko allurar da ke maganin wannan. Likita na iya fiɗa ya cire, amma sai an auna kuɗin aikin da jinyar da darajar san. In likita ya ce hanta ce ko sammore, a yi magani, ka ba shi wata biyu zuwa uku, shi ne ma zai iya riskar Sallah a kan ganiyarsa, kuma ciyar da ɗaya ba ɗaya ba ne da ciyar da uku. In ya ce leda ce ko tsufa, ka sayar wa mahauci a wannan makon, ka gaya masa abin da likita ya ce, ka karɓi abin da ya samu.

Yanzu Yaya. Ka ce kullum kana ce mata komai lafiya. Ƙanena, wannan ne ke hana ka barci, ba shanun ba. Yadda kuka yi da ita, ita da kuɗi kai da wahala a raba riba, shi ne malaman fiƙihu ke kira ƙiradi. A ƙa'idarsa kai amintacce ne a kan dukiyarta. In aka yi asara ba da sakacinka ba, a kan uwar kuɗi take faɗawa, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. In kuwa ka saɓa abin da aka yi magana a kai ko ka yi sakaci, to lamuni na iya hawa kanka. Kun yi da ita wata uku. Wata biyun da suka biyo baya ka ƙara su ne ba da saninta ba, kuma kana shirin ƙara wasu uku. Kowace rana daga cikinsu kuɗin adashinta ne ake zubawa a komi, ita kuwa tana can tana lissafin riba. Matar da ta yi watanni tana zubi, ta san abin da ta hana kanta kafin kuɗin nan su taru. Tana da haƙƙin ta san inda suke, kuma tana da haƙƙin a yi shawara da ita kafin a ƙara ko kwana ɗaya. Yadda za a raba nauyin watannin da suka gota, ku kai wa malamin da kuka yarda da shi ku biyu, ya ji daga bakin kowa.

Kada ka yi mata wannan magana a waya, kada kuma ka aika. Ka zauna daren yau ka rubuta komai a takarda: kuɗin kowane sa, la'ada, mota, kowane buhun dusa, harawa, magani, da tayin da aka yi maka ka ƙi. Takin da suka tara ma ka sa shi a lissafi, kuɗi ne, manoma na nema kafin damina, kuma in gonarka za ka kai shi to ka ƙiyasta shi ka faɗa mata. Ka je gidanta ka gaishe ta, ka ce, Yaya, na zo ne in gaya miki gaskiyar inda muke, na yi jinkirin faɗa saboda kunya. Ka miƙa mata takardar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ta ji daga bakinka yau da ta ji daga bakin dillali bayan an sayar. Za ta iya yin faɗa, ka yi shiru ka saurara, tana da gaskiya. In kana ganin abin zai yi zafi, ka roƙi mahaifiyarku ko wani babba a gida ya zauna. Sannan ka ajiye mata shawarar a fili: a sayar da biyu yanzu, kuɗinta su koma hannunta gwargwadon abin da aka samu, na ukun a bi abin da likita ya ce. In ta ji lissafin duka ta ce ita ta yarda a jira Sallah, to wannan zaɓinta ne a kan dukiyarta da idonta a buɗe, kuma ku sa shaida.

Ban ce ka bar turka ba. Wanda ya iya cika farare biyu har suka yi kyan da kake faɗa yana da hannun kiwo. In za ka sake, abinci za ka fara tarawa da kaka kafin ka sayi ko maraƙi: harawar wake da ta gyaɗa, kowa, kara, dusa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya don gina jiki, na kwana 120 cif. Ka sayi mai babban ƙashi, ramamme don yunwa ba don ciwo ba, mai manyan haƙora huɗu zuwa shida, ka tafi da wanda ya san shanu ya duba maka baki da ido da ciki. Makon farko na maganin tsutsa da hanta da kaska ne, da rigakafin ciwon huhu da na ciwon harbin daji, irin waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, a hannun ma'aikacin dabbobi. Ranar da za ka sayar kuma ka rubuta ta a takarda ɗaya da kuɗin saye, ka ba mai jarin kwafinta.

In ka auna su da tef ɗin, ka aiko mini da awon da abin da likita ya ce game da bokolon, mu duba tare ko ya cancanci a riƙe shi. Allah ya kawo kasuwa mai albarka, ya daidaita tsakaninka da Yaya.